Sitiyari ya karkace bayan babban gyara: mai igiya, mai kwamfuta, ko a koma wa bakanike?

A daminar bara na jefa ƙafar dama ta Corolla ɗina, ƙirar 2006, cikin wani rami da ruwa ya rufe. Ƙarar da na ji ta isa ta gaya mini cewa aljihuna zai yi kuka. Kwana huɗu motar ta yi a gareji. An canza rak ɗin sitiyari, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, an canza lowa am na dama, hannun da ke riƙe ƙafar daga ƙasa, da tayarod, sandar da ke haɗa rak da ƙafar, kuma don a samu hanyar zaro rak ɗin sai da aka sassauto ƙarfen nan da ke ƙarƙashin inji, wanda makanikai ke kira injin sit. Ranar da na karɓe ta, ko kwanar unguwar ban sha ba na ga tambarin Toyota da ke tsakiyar sitiyari ya kwanta hagu kamar hannun agogo a ƙarfe sha ɗaya, alhali motar miƙe take tafiya. In na sassauta hannu kuwa, sai ta fara neman kwalbatin dama.

Na juya na koma. Bakaniken ko tashi bai yi daga kan bencinsa ba. "Alhaji, ai alaimen ne kawai. Mu namu mun gama, ka je a saita maka."

Wannan maganar ita ce mafarin ɓarnar kuɗi ga yawancin masu mota, domin tana da gaskiya a ciki kuma tana da kaucewa. Gaskiyarta, duk wanda ya taɓa rak, tayarod, lowa am ko shokozoba dole a sake saita ƙafafun motar, kuma ba bakanike ke da kayan yin hakan ba. Kaucewarta, mai alaimen ba ya gyara abin da aka ɗaura a karkace ko aka sayo a lanƙwashe. Saboda haka mai mota a irin wannan hali yana tsaye ne gaban ƙofa huɗu: mai saiti da igiya ko geji a bakin titi, mai saiti da kwamfuta, bakaniken da ya yi aikin, da mai jan shasi. Ni uku daga ciki na shiga, kuma ban shige su a jeren da ya kamata ba.

Kafin a zaɓi ƙofa, sai mutum ya iya faɗin abin da motarsa ke yi, domin "sitiyarina ba daidai yake ba" cuta uku ce daban-daban. Akwai sitiyarin da ya karkace amma motar na tafiya sak. Akwai motar da ke ja gefe guda, sai ka riƙe ta da ƙarfi. Akwai kuma sitiyarin da ke rawa a hannu idan gudu ya kai kilomita 80 zuwa 100. Wannan na ukun a cire shi daga lissafi tun yanzu: yawanci balansin taya ne, ko rim ya lotse, ko taya ta yi ƙullutu. Ko sau goma aka yi alaimen ba zai daina ba.

Sauran biyun kuwa sai an san abubuwa uku da ake aunawa. Na farko shi ne bakin tayoyin gaba: ko sun ɗan tsuke suna kallon juna, ko sun buɗe kowace na kallon nata gefen. Masu aikin suna cewa to-in da to-awut. Na biyu kamba, wato yadda taya ke tsayuwa idan ka kalli motar daga gaba. In saman tayar ya kwanta ciki, ta yi gwame ke nan. Na uku kasta, shi ne mafi wuyar gani da ido. Dubi ƙafar gaban keke ko babur yadda ta ɗan miƙa gaba maimakon ta sauka a tsaye. Wannan kwanciyar ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana.

Ga abin da da yawa ba su sani ba, ni ma sai da na biya kuɗin makaranta. Tsukewa ko buɗewar baki ita ke karkatar da sitiyari, ita ke cin taya, amma ba ita ke sa mota ja gefe ba. Ja gefe yana zuwa ne daga bambancin kamba ko kasta tsakanin hagu da dama, ko daga iskar taya, ko daga tayar kanta, ko birkin da ke kamawa. Mota tana bin gefen da kastansa ya fi ƙaranci, tana kuma bin gefen da saman tayarsa ya fi kwanciya waje. Wanda ya riƙe wannan, rabin zaɓin ya riga ya yi.

Mai igiya na fara zuwa wurinsa, bayan na yi kwana goma ina jan ƙafa. Dattijo ne da rami a gaban shagonsa. Ya shafa tafin hannunsa a kan tayar gaba daga waje zuwa ciki, ya sake shafowa, ya ce in gwada. Ta ɗaya hanyar sumul, ta ɗayar kuma kamar haƙoran zarto. "Ranka ya daɗe, bakinta a buɗe yake. Da ka kai ta Kaduna a haka da ka dawo da waya a waje." Bai yi ƙari da yawa ba. Idan kowace taya ta kauce da rabin digiri, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice wajen mita 9. Daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, an goge ta a kwalta ta gefe na kusan kilomita 2 ke nan.

Ya sa yaronsa ya riƙe sitiyari a tsakiya, ya zagayo igiya daga tayar baya zuwa ta gaba, ya shiga rami da sifana biyu, ya kwance notin tayarod, ya rage wannan gefe ya ƙara wancan. Minti ashirin. Sitiyari ya miƙe tsaf, cin tayar ya tsaya. Kuɗin da na ba shi bai kai rabin na mai kwamfuta ba. Ba zan zage shi ba, abin da kayan aikinsa za su iya ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Amma motar ba ta daina neman dama ba. Igiya ba ta ganin kasta. Kamba ma sai dai a ƙiyasta da ido ko da ma'aunin magina. Sannan igiyar daga tayar baya take ɗaukar gaskiyarta. In bayan ne ya karkace, ta kwafo karkatar ta kawo gaba ba tare da kowa ya sani ba. Don haka ni a wurina mai igiya ya dace ne idan ƙaramin abu aka taɓa, kamar kan tayarod guda, motar ba ta taɓa buguwa ba, ba ta ja gefe, sitiyari ne kawai ya ɗan kauce. Ya kuma dace da wanda gyara ya kama shi a garin da babu na'ura, a saita masa ya isa gida ba tare da ya cinye taya ba. Masu Golf da Sharon na haya da ke taɓa ƙafa duk bayan 'yan makonni su ma ba laifi ba ne in sun riƙe shi, lissafinsu daban ne.

Akwai abu ɗaya da wasu masu bakin titi ke yi wanda bai kamata a yarda da shi ba ko kyauta ne: a kwance notin tsakiya, a zare sitiyarin, a mayar da shi a miƙe. Ido zai ga daidai, amma rak ɗin yana nan a karkace. Motar za ta riƙa shan kwana sosai ta gefe guda, ta gaza ta ɗayan, sigina ta daina kashe kanta a kan lokaci. Bayan sitiyarin kuma akwai wata siririyar waya naɗaɗɗiya, kulok sifirin, wadda ke kai wuta ga hon da jakar iska. Zagayen da take iya ɗauka ƙidayayye ne, wajen biyar daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In aka mayar da ita ba a tsakiya ba, wata rana kana juya kan mota a layi sai ta tsinke: hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. Haka ma take tsinkewa a gareji idan aka raba rak da sandar sitiyari ba a ɗaure sitiyarin ba, yaron shago ya zauna yana wasa da shi. Wanda ya karɓi motarsa bayan canjin rak ya danna hon kafin ya fita daga garejin.

Sai mai kwamfuta. A nan zan daɗe, domin a nan ake samun amfani mafi girma, a nan kuma aka fi yaudarar mutane da allo mai launi.

Na'urar tana da madubai ko idanu da ake maƙala wa ƙafafu huɗun duka, tana karanta baki da kamba a kowace ƙafa, kasta kuma a ƙafafun gaba, ta kwatanta da abin da kamfanin motar ya rubuta. Abin da ya fita daga ƙa'ida ya nuna ja, wanda ke ciki ya nuna kore. Babban amfaninta bayan babban gyara bai tsaya ga saitin ba, yana cikin karatun farko, kafin a taɓa ko noti ɗaya. Wannan karatun shi ne shaidarka. A tawa motar bakin tayoyi ya fito kore, aikin dattijo ya tabbata. Kamba ba laifi. Kasta kuwa na dama ya gaza na hagu da fiye da digiri ɗaya. Mai na'urar ya fito ya zura yatsunsa tsakanin bayan tayar gaba da bodi: hagu yatsa uku, dama biyu da ƙyar. Ƙafar dama ta ja baya.

"Oga, wannan ba ni da inda zan taɓa," in ji shi. Na ji daɗin wannan maganar fiye da a ce ya karɓi kuɗina ya yi shiru. Corolla irin tawa, ta 2003 zuwa 2008, a gaba bakin taya kawai ake saitawa kai tsaye. Kamba sai an canza kusoshin da ke riƙe shokozoba da wasu na musamman, kasta kuwa babu wurin saita shi sam. Bayanta ƙarfe ne guda ya haɗa ƙafafun biyu, shi ma ba a saita shi. In ya nuna ja, lanƙwasa ya yi. Peugeot 206 ma in ka ga ƙafafunta na baya sun yi gwame, boris ɗin da ke cikin ƙarfen bayan ne ya mutu, babu alaimen da zai tsayar da su. Camry ta 2007 zuwa 2011 da Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa ana saita bakin tayoyinsu na baya, shi ya sa yi musu gaba kawai rabin aiki ne. Idan bayan ya kalli gefe, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kare, direba yana gyara ta da sitiyari bai sani ba.

To amma ba duk mai allo ne mai aiki ba. Na ga wuraren da ake ɗora mota, a maƙala madubai, a juya tayarod har layi ɗaya ya yi kore, a sauke ta cikin minti goma. Wannan aikin mai igiya ne aka sayar maka da kuɗin kwamfuta. Ka tsaya ka kalla. Wanda ya san aikinsa zai fara auna iska. Zai ɗaga motar ya girgiza kowace ƙafa, domin in bol join (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai) ko bushin (robar da ke mahaɗin ƙarafa) ko kan tayarod na motsi, lambar da ke allo ta minti ɗaya ce, da ka faɗa ramin farko ta canza. Zai tura motar gaba da baya kaɗan don na'urar ta cire lotsewar rim daga lissafi. Zai danne birki da sanda ya juya sitiyari hagu da dama. In bai yi wannan juyin ba, bai auna kasta ba, ko me allon ya nuna. Zai kulle sitiyari a tsakiya da maƙalli kafin ya shiga ƙarƙashi. Ka leƙa ka ga motar da ya zaɓa a kwamfutar, sunanta da shekararta, don na taɓa ganin an saita Corolla da lambobin wata motar saboda yaron ya ƙosa. Ita kanta na'urar tana buƙatar a riƙa daidaita ta, dandalin kuma ya zama shimfiɗaɗɗe. Dandalin da ƙafarsa ɗaya ta nutse a ƙasa ƙarya zai yi ta faɗa cikin ladabi.

Kore ma ba ƙarshen magana ba ne. Ƙa'idar kamfani tana da faɗi, ta yiwu hagu yana wannan bakin ƙa'idar dama yana wancan, duka kore, motar kuma tana ja. Ka dubi bambancin da ke tsakanin gefen biyu. In ya wuce rabin digiri a kamba ko kasta, akwai magana. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin a fara da bayan an gama, ko ka nemi a buga maka takarda.

Motocin da suka fi sabunta suna da ƙarin mataki. Corolla daga 2009 sitiyarinta na lantarki ne, kuma duk ƙananan motocin da aka sayar a Amurka daga ƙirar 2012 doka ta wajabta musu na'urar hana santsi, wadda ke dogara da wani ma'auni da ke gaya wa kwamfutar motar inda sitiyari yake. Galibin motocinmu daga can suke zuwa. Bayan canjin rak ko babban saiti, da yawansu sai an jona na'urar bincike an koya wa motar sabon tsakiya. In ba a yi ba, fitilar VSC, wato ta na'urar hana santsin, ko mai hoton mota na zamewa za ta iya kamawa, wani lokacin ma motar ta taɓa birki da kanta a kwana. Mai igiya ba shi da hanyar yin wannan, masu kwamfuta ma ba duka ba. A tambaya kafin a hau.

Da hoton allon a wayata na koma ƙofa ta uku, wadda ya kamata a ce ita ce ta biyu. Wannan karon bakaniken ya tashi daga benci. Magana ta bar "ina jin tana ja", ta koma "ƙafar dama ta ja baya, ga lamba". Muka ciro lowa am ɗin da aka sayo, na Beljiyam ne, muka kwantar da shi a ƙasa kusa da wani. Ba sai an kira shaida ba, ya ɗan murɗe. Kayan Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, sau da yawa sun fi sabon jabu ƙarko, ni ma su nake saya. Sai dai a tuna daga jikin wata motar aka ciro su, kuma motar da aka yanka ba lafiyayya ba ce. Ta yiwu a daidai wannan ƙafar ta mutu. Mai kayan ya canza mana ba musu, tunda alamar fentinsa na jiki.

Akwai laifuffuka biyu na gareji da ba sa bukatar sayen komai. Injin sit yana da ɗan wasa a ramukan kusoshinsa. In an sauke shi don rak ko kuloci ko giyabos aka mayar ba a daidaita ba, sai ƙafa ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. A sassauta, a gyara zamansa, a ɗaure. Na biyu, ɗaure kusoshin bushin alhali mota na rataye a jak. In an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, tsayin motar ya canza, bushin ɗin ya yage cikin 'yan watanni. Ƙa'ida ita ce ɗaurin ƙarshe a yi shi nauyin motar na kan tayoyinta. Duk waɗannan gyaran wanda ya yi aikin ne, bai kamata a sake biyan kuɗin hannu ba, amma da wuya ya amsa laifi in ba ka zo da abin nunawa ba.

Ƙofa ta huɗu ban shige ta ba, Allah Ya kiyaye, sai dai na raka wani. Idan an canza duk abin da ake kwancewa da sifana lambobin suka ƙi dawowa, to jikin motar ne ya motsa: ƙafar shasi, ko kofin da kan shokozoba ke zama. Wannan ya fi yawa bayan haɗari, da kuma motocin gwanjo na Amurka da aka buga can aka gyara a Kwatano ko Legas kafin su iso hannunka suna sheƙi. A nan zaɓin tsakanin fanel bita mai sarƙa da bishiya ne da mai teburin ja wanda ke aunawa. Na farkon yana ja har ido ya gamsu. Na biyun yana ja har tef ya nuna kusurwa zuwa kusurwa sun yi daidai, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. In buguwar ta taɓa inda ƙafa ke zama, na biyun kawai zan ba wa motata. Wanda kuma ya ce zai gasa lowa am ko nokul, ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa, da wutar gas ya miƙar, a gode masa a tafi; ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, kuma ba a gareji zai karye ba.

Kafin duk wannan akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, wanda da na yi shi da na rage zirga-zirga. A duba iska da geji mai kyau a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ƙananan motoci, ba 45 ko 50 da masu faci ke durawa ba. A musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, in ba masu kibiyar juyi ɗaya ba ne. In jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace, taya ce mai laifi. Bayan tafiyar 'yan kilomita a kai hannu kusa da kowane rim, wanda ya fi zafi birkinsa na kamawa. A kuma gwada motar a shimfiɗaɗɗen wuri, domin titi ana gina shi da ɗan tudu a tsakiya saboda ruwa, mu kuma tun 1972 a hannun dama muke tuƙi, don haka ɗan gangarawa dama a hankali ba cuta ba ce. Tawa ba a hankali take yi ba, cikin daƙiƙa uku ta bar layinta.

Da za a mayar da ni ranar da na karɓi motar, daga garejin kai tsaye wurin mai kwamfuta zan nufa, in ce a karanta mini kawai kada a taɓa komai tukuna, in ɗauki hoto. In baki ne kawai ya kauce, a saita a wurin, magana ta ƙare. In kamba ko kasta ne, in juya wurin bakanike da hoton tun kafin in cika masa ragowar kuɗinsa, sannan in dawo a yi saitin sau ɗaya. Yadda na bi, sau uku na biya kuɗin alaimen, na kuma sayi tayar gaba ɗaya da ba ta cikin lissafi. Bayan an sa lowa am na biyun kasta ya dawo, bambancin bai kai kwatan digiri ba, yatsa uku hagu uku dama. Na saki sitiyari a kan titin Zariya da sassafe, ta yi tafiyarta.